Gani Bai Kori Ji Ba: Karatun Tarihi a Tsofaffin Gine-gine da Mutum-mutumin Garuruwan Jamus

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba tsofaffin gine-gine da mutum-mutumi da sauran ayyukan fasaha da ake kafawa a dandali ko bakin hanya a garuruwan ƙasar Jamus, watau irin abubuwan da masu yawon buɗe ido kan yi takakkiya su je kallo. Ba za mu bi su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan jagora ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk ginin da baƙo ya tarar a tsaye a waɗannan garuruwa, da wuya a ce shekaru ne kawai suka bar shi haka. Akwai lokacin da wasu mutane suka zauna suka yi shawara, wani sa'in ma har da ja-in-ja, kafin a bar shi yadda yake, ko a sake gina shi, ko a sauya masa ma'ana. Wannan shawara ita ma tarihi ce, kuma sau da yawa takan fi ginin kansa ba da labari.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To, a nan za mu ga inda gani shi kaɗai yake ɓad da mai kallo. Baƙon da ya tsaya a dandalin Römerberg na birnin Frankfurt, ya dubi jerin gidajen da ke gabas da shi, masu gwame-gwamen katako a jikin bango da dogon rufi mai tsini, zai iya rantsewa cewa sun shekara 500. Alhali kuwa a farkon shekarun 1980 aka gina su, a gurbin waɗanda bama-bamai suka ƙone a 1944. Saboda haka za mu riƙa yi wa kowane gini tambayoyi uku: wa ya gina shi, me ya same shi, kuma wa ya yanke hukuncin kamannin da yake da su a yau.

2.0 Gine-ginen da Suka Tsira

Bari mu fara da waɗanda tsufansu na gaske ne. A birnin Trier da ke yammacin ƙasar akwai wata ƙofar gari da Romawa suka gina wajen shekara ta 170 Miladiyya. Ana kiranta Porta Nigra, watau Baƙar Ƙofa, saboda baƙin da duwatsunta suka yi. An jera manyan duwatsun ne ba da kwaɓi ba, aka ɗaure su da ƙarafa. Bayan faɗuwar daular Romawa mutanen gari suka mai da sauran ƙofofin wurin ɗibar dutsen gini, har suka ƙare. Ita ma wannan an fara taɓa ta, domin har yanzu ana ganin ramukan da masu ƙwaƙulo ƙarfe suka bari a jikinta. Abin da ya cece ta shi ne wani mai zuhudu, Simeon, ya shiga halwa a cikinta har ya mutu a 1035, sai aka mai da ita majami'a, ba mai ikon ɗiba daga jikinta kuma. A 1804 Napoleon ya ba da umarni a cire mafi yawan abin da aka ƙara mata. Ke nan ƙofar da ake kallo a yau Romawa suka gina ta, addini ya tsare ta, sa'an nan wani mai mulki daga Faransa ya fito da siffarta ta farko.

Wani dalilin tsira kuma shi ne talauci. Garin Rothenburg ob der Tauber ya yi arziki a tsakiyar zamani, ya kewaye kansa da ganuwa mai hasumiyoyi. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya karya tattalin arzikinsa, mutanensa suka rasa abin rushe tsofaffin gidaje su gina na yayi. Da masu zane da matafiya suka gano garin a ƙarni na 19, sai rashin da ya hana shi sauyawa ya zama jarinsa. Akwai kuma garuruwan da sa'a ce ta tsare su, kamar Bamberg da Regensburg, waɗanda tsofaffin unguwanninsu ba su sha ruwan bama-bamai sosai ba. A Regensburg har yanzu ana taka gadar dutse ta ƙarni na 12 a ƙetare kogin Danube.

3.0 Muhawarar da ta Riga Yaƙi

Kada a ɗauka cewa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka fara tunanin abin da za a yi da tsohon gini. Misalai biyu za su nuna mana cewa muhawarar ta girmi yaƙin.

Na farko shi ne babbar majami'ar birnin Kolon. An aza harsashinta a 1248, amma a ƙarni na 16 aiki ya tsaya cak. Kimanin shekara 300 ginin yana tsaye rabi da rabi, da injin katako na ɗaga duwatsu a kan guntuwar hasumiyarsa, har injin ya zama alamar da ake gane garin da ita. A 1814 aka gano rabin tsohuwar zayyanar fuskar ginin a Darmstadt, aka sami sauran rabin a Faris a 1816. A daidai wannan lokaci ne, bayan korar sojojin Napoleon, kishin ƙasa ya fara ruruwa a zukatan Jamusawa, waɗanda a rarrabe suke cikin ƙananan masarautu. Sai ginin da ba a gama ba ya zama misalin ƙasar da ba ta haɗu ba. A 1842 Sarkin Prussia, Friedrich Wilhelm na IV, ya aza harsashin ci gaban aikin, ko da yake shi ɗan ɗarikar Furotesta ne, majami'ar kuwa ta Katolika ce. An gama a 1880, shekara 9 bayan haɗuwar Jamus, shekara 632 da farawa. Hasumiyoyin nan biyu masu tsawon mita 157, waɗanda baƙo ke ɗaga kai yana yi wa kallon aikin mutanen da, aikin zamanin jirgin ƙasa ne, kuma ƙarafan masana'anta ne ke ɗauke da rufin.

Misali na biyu shi ne fadar Heidelberg, wadda sojojin Faransa suka ragargaza a 1689 da 1693, tsawa kuma ta ƙarasa ta a 1764. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gyara sashe ɗaya nata a ƙarƙashin Carl Schäfer, aka kuma yi niyyar ci gaba. Masanin tarihin fasaha Georg Dehio ya tashi tsaye a 1901 ya soki wannan niyya. Hujjarsa ita ce aikin mai kula da kayan tarihi shi ne ya tsare abin da ya rage daga lalacewa, domin abin da aka sake ginawa, kome kyansa, ba zai iya ba da shaidar zamanin da bai gani ba. Ra'ayinsa ya rinjaya, shi ya sa har yau mafi yawan fadar kango ce. Tsakanin hanyar Kolon da hanyar Heidelberg ne Jamusawa suka yi ta kai-kawo bayan 1945.

4.0 Bayan 1945: Hanyoyi Uku

Yaƙin da Hitila ya tayar a 1939 ya komo kan garuruwan Jamus da wuta. Jiragen Ingila da na Amurka sun ƙone tsakiyar Kolon da Hamburg da Frankfurt da Nuremberg da Dresden da wasu da yawa. Da ƙura ta lafa, kowane gari ya fuskanci tambaya ɗaya: me za a yi da wannan tarin ɓaraguzai? Mafi yawan wurare an share su ne an yi sababbin gidaje da manyan tituna, domin mutane na bukatar wurin kwana. Amma game da gine-gine masu suna, an bi hanyoyi uku.

4.1 Mayar da Gini Yadda Yake

Gidan da aka haifi marubucin nan Goethe a 1749, a Frankfurt, ya ƙone a watan Maris na 1944. Da aka zo maganar sake gina shi, ɗan jarida Walter Dirks ya ƙi amincewa a 1947, yana ganin cewa rushewar gidan sakamako ne na abin da Jamusawa suka aikata, kuma mayar da shi tamkar share shaida ne. Masu son a gina suka yi rinjaye, aka buɗe gidan a 1951, aka mayar da kayan ɗakin da aka ɓoye tun kafin harin. Rothenburg ma, da muka ambata a baya, ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na gine-ginenta a harin 31 ga Maris, 1945. An sake ɗaga sashen ganuwar da ya faɗi da gudummawar jama'a, kuma mai bin kan ganuwar zai ga sunayen masu bayarwa daga ƙasashe daban-daban a kafe a bango.

Misalin da ya fi shahara shi ne majami'ar Frauenkirche ta Dresden, wadda George Bähr ya tsara, aka gina daga 1726 zuwa 1743, mai ƙatuwar ƙubba ta dutse. A hare-haren 13 zuwa 15 ga Fabrairu, 1945, waɗanda suka kashe mutum kimanin 25,000, wuta ta cinye cikinta, ƙubbar ta rufta. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta bar tarin duwatsun a tsakiyar gari shekara da shekaru a matsayin abin tuna yaƙi, kuma daga 1982 matasa masu neman zaman lafiya suka riƙa kunna kyandir a wurin. Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka yanke shawarar gina ta. Aka tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, aka yi wa kowanne lamba, aka mayar da waɗanda za su moru. An fara gini a 1994, aka buɗe ranar 30 ga Oktoba, 2005, bayan an kashe kimanin Yuro miliyan 180, fiye da rabinsu gudummawa ce. Gicciyen da ke bisa ƙubbar kyauta ce daga Ingila, ƙasar da jiragenta suka kai harin farko. Abin lura a nan shi ne maginan ba su ɓoye ɗinkin ba: tsofaffin duwatsu baƙaƙe ne, sababbi farare, kowa na iya bambance su daga nesa.

4.2 Barin Kango

A yammacin birnin Balin akwai majami'ar tunawa da Sarki Wilhelm na I, wadda aka gama a 1895, bom ya lalata ta a watan Nuwamba na 1943. Tsarin farko da Egon Eiermann ya kawo a 1957 ya tanadi a rushe abin da ya rage. Mutanen gari suka yi ca, suka ƙi. Sai aka bar karyayyar hasumiyar, aka gina sabon ɗakin ibada mai kusurwa takwas da shuɗin gilashi a gefenta. 'Yan Balin na yi mata laƙabi da haƙori mai kogo. Haka kuma a Hamburg, inda harin watan Yuli na 1943 ya kashe mutum fiye da 30,000, an bar hasumiyar majami'ar St. Nikolai mai mita 147 a tsaye ita kaɗai, baƙa wuluk, domin ta riƙa tuna wa masu wucewa.

4.3 Ginin da Ba a Alfahari da Shi

Hanya ta uku ta shafi gine-ginen da zamanin da ya gina su ya zama abin kunya. A Nuremberg 'yan Nazi sun fara wani ƙaton zauren taro a 1935, wanda aka tsara zai ɗauki mutum 50,000, amma ba su gama ba. Garin ya daɗe yana amfani da shi a matsayin sito, ba a san yadda za a yi da shi ba. A 2001 aka buɗe cibiyar nazarin zamanin Nazi a cikinsa, kuma mai tsara ta, Günther Domenig, ya ratsa bangon da wata doguwar hanya ta ƙarfe da gilashi, kamar mashi ya huda shi. An bar ginin, amma an hana shi faɗin abin da aka gina shi domin ya faɗa.

5.0 Mutum-mutumi: Daga Kan Dakali Zuwa Daɓen Hanya

Idan muka juya ga ayyukan fasaha na dandali, za mu ga wani sauyi a fili: da can sama suke yi, yanzu ƙasa suke yi. A kasuwar Bremen akwai mutum-mutumin Roland, jarumi riƙe da takobi da garkuwa, wanda aka kafa a 1404 bayan sojojin babban limamin Kirista na garin sun ƙone na katako a 1366. Fatake da attajirai ne suka kafa shi, suka sa ya fuskanci babbar majami'a, alamar cewa garin yana da 'yancin kansa. Bayan haɗuwar ƙasa a 1871 kuwa sai aka shiga gasar girma. An gina hasumiyoyi fiye da 200 da sunan Bismarck, kuma mutum-mutuminsa na Hamburg, wanda aka ƙaddamar a 1906, ya kai mita 34. Irin wannan aiki yana bukatar mai kallo ya ɗaga kai, ya ji kansa ƙarami.

Bayan abin da ya faru daga 1933 zuwa 1945, masu fasaha da yawa suka daina yarda da irin wannan tsayi. A 1986 Jochen Gerz da Esther Shalev-Gerz suka kafa wani ginshiƙi mai mita 12 a unguwar Harburg ta Hamburg, suka lulluɓe shi da dalma, suka gayyaci jama'a su sa hannu a jikinsa don ƙin mulkin fir'aunanci. Duk sa'ad da sashen da hannu ke kaiwa ya cika, sai a nutsar da shi ƙasa, har ya ɓace gaba ɗaya a 1993. Manufarsu ita ce nauyin tunawa ya koma kan mutane.

Aikin da ya fi yaɗuwa a wannan fanni shi ne na Gunter Demnig, wanda ya fara a Kolon a 1992. Ƙananan duwatsu ne masu fuskar tagulla, faɗinsu kimanin santimita 10, da ake dasawa a daɓen hanya a ƙofar gidan ƙarshe da wani ya zauna kafin 'yan Nazi su kama shi. Kowanne na ɗauke da suna ɗaya, da shekarar haihuwa, da abin da ya sami mai sunan. Mafi yawa Yahudawa ne, amma akwai 'yan ƙabilun Sinti da Roma da 'yan adawa da naƙasassu. Ana kiransu duwatsun tuntuɓe, kuma a 2023 aka dasa na 100,000. Mai son karanta su dole ya sunkuya. Duk da haka ba kowa ya yarda da su ba: majalisar birnin Munich ta hana dasa su a hanyoyin gwamnati a 2004, bisa ƙorafin cewa ana taka sunayen mamata da ƙafa.

6.0 Inda Afirka ta Shigo

Wannan muhawara ta taɓo mu kai tsaye a wurare kaɗan. A titin Wilhelmstrasse na Balin ne, a fadar Bismarck, wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga 15 ga Nuwamba, 1884, zuwa 26 ga Fabrairu, 1885, suka tsara ƙa'idojin mallakar Afirka, ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a teburin ba. Ginin ya tafi da yaƙi, gidajen haya ne a wurin yanzu. Sai a 2005 aka kafa wani ɗan allo da ke bayyana abin da ya faru, kuma ƙungiyar 'yan Afirka mazauna birnin ce ta yi fafutukarsa.

A Bremen akwai wata giwa ta jan tubali mai kimanin mita 10, da aka ƙaddamar a 1932 don ɗaukaka mulkin mallakar Jamus. Ba a rushe ta ba. A 1990, shekarar da Namibiya ta sami 'yancin kai, aka mai da ita abin tunawa da ƙin mulkin mallaka, a 2009 kuma aka jera duwatsu daga Namibiya a gefenta saboda 'yan ƙabilun Herero da Nama da sojojin Jamus suka hallaka daga 1904 zuwa 1908. Har wa yau, a Balin akwai dandalin da ya daɗe da sunan Gustav Nachtigal, wanda ya kai wa Shehu Umar na Borno kyautar Sarkin Prussia a Kukawa a 1870, ya kuma kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A watan Disamba na 2022 aka sauya sunan zuwa na Manga Bell, don tunawa da sarkin Duala da Jamusawa suka rataye a 1914, da kuma tunawa da matarsa.

Daga ƙarshe akwai fadar sarakunan Prussia a tsakiyar Balin. Gwamnatin Gabas ta fasa ta da nakiya a 1950, ta buɗe zauren majalisarta a wurin a 1976. Bayan haɗewa aka rushe wannan daga 2006 zuwa 2008, aka mayar da fuskoki uku na tsohuwar fada a kan sabon gini mai suna Humboldt Forum, wanda aka fara buɗewa a 2020. A cikinsa aka zuba kayan tarihin Afirka da Asiya, sai tambaya ta taso game da yadda aka same su, musamman tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, gidajen tarihin Jamus suka saya. A watan Yuli na 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu, kuma a watan Disamba aka miƙa kashin farko a Abuja. Ginin da aka ɗaga don a rufe wani babi na tarihi shi ne ya buɗe wani.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa abin da baƙo ke kallo a garuruwan Jamus sakamako ne na zaɓi bayan zaɓi. An ƙarasa majami'ar Kolon don a gina ƙasa, an bar fadar Heidelberg kango don a tsare shaida, an mayar da majami'ar Dresden don a yi sulhu, an sauya ma'anar giwar Bremen don a amsa laifi. Ba mu ce ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ita ce daidai a ko'ina ba. Abin da muka lura da shi dai shi ne, ayyukan da suka fi amfanar mai nazari su ne waɗanda ba su ɓoye ɗinkinsu ba.

Mu da muka tashi a garuruwan ginin ƙasa mun san cewa katanga ba ta daɗewa sai da yaɓe, kuma ƙasar da ke fuskar tsohon soro ba lalle ba ne ta kasance wadda maginin farko ya kwaɓa. Saboda haka bai kamata sabuntar tubali ta ruɗe mu ba, ko ta sa mu raina gini. Abin da ya wajaba ga malamin tarihi shi ne ya koya wa ɗalibansa su bi gini kamar yadda ake bin ruwaya, watau a san ta hannun wa da wa ya biyo, da abin da kowannensu ya ƙara ko ya rage, da dalilinsa. Muna fata tambayoyi ukun da muka fara da su za su zama abin aiki ga malamai a darussan tarihin Turai, su kuma ja hankalin manazarta ga gine-gine a matsayin madogara, tare da rubutattun takardu da labaran baka.